Mu daina kai yara hutu inda ba abin da suke gani sai bayan mutane

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah ka ɗan bani fili a wannan jarida in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina a rai, akan yadda mu iyaye muke zaɓar inda zamu kai yaranmu hutu. Na lura duk lokacin da aka rufe makarantu, wanda Allah ya hore masa halin fita da iyalinsa to sunan gari biyu ko uku ne kawai zakaji yana yawo a bakin kowa, wance taje can, wane ya kai matansa can, kaima sai kaji in ba can ka nufa ba kamar baka yi tafiya ba. Ni uwa ce mai yara uku, babban shekararsa 11, ta tsakiya 8, auta kuma 4, kuma na gwada duka biyun, naje inda kowa ke zuwa na kuma je inda ba a cika ambata ba, shi yasa nake ganin ina da bakin magana.

Tafiyarmu ta farko Dubai ce. Ba kushe garin nake ba wallahi, gari ne mai tsari da tsafta kuma an kashe masa dukiya, amma ka tuna a shekarar 2023 kaɗai baƙi sama da miliyan 17 ne suka shiga garin daga ƙasashen waje, to kai da yaranka uku a cikin wannan tururuwa ina kuke? Kwana shida muka yi, rabinsu a layi muka ƙarar dasu, layin tikiti, layin lifta, layin abinci, layin tasi. Abin da ya tsaya min a rai har yau shine wata rana a cikin wani ƙaton kanti na durƙusa zan ɗaure wa auta igiyar takalmi, sai na ɗaga kai na duba daga daidai tsayinsa, ba abin da na gani sai gwiwoyin mutane da ledoji da tayoyin keken jarirai. Nace a raina ashe wannan shine hutun da yaron nan yake yi tun da muka zo, mu muna kallon fitilu da benaye shi yana kallon ƙafafun mutane, ga hannunsa na damƙe gam kar ya ɓace, da ya motsa in daka masa tsawa. Babban kuwa tun kwana na uku ya fara tambayar Mama yaushe zamu koma otal in yi gem. Da muka dawo gida waya cike da hotuna, na tambayesu me suka fi tunawa, ta tsakiya tace matattakalar nan mai tafiya da kanta. Shikenan. Abin ya min ciwo sosai, don kuɗin da Abbansu ya tara na wata da watanni ne.

Kuma fa ba mu kaɗai muka gaji ba, su kansu masu garuruwan da ake yi wa wannan dafifi sun gaji. A watan Afrilun 2024 birnin Venice na Italiya ya fara karɓar Yuro 5 daga masu shigowa yawon yini guda a wasu ranaku don rage cunkoso. A Barcelona ta Sifen, cikin watan Yulin 2024 ɗin dai, mazauna gari suka fito zanga-zanga har suna fesa wa baƙi ruwa da bindigar wasan yara. A Tailan akwai wani bakin teku mai suna Maya Bay da sai da hukuma ta rufe shi gaba ɗaya a 2018 saboda jiragen ruwa da ƙafafun mutane sun lalata halittun da ke cikin ruwan, ba a sake buɗewa ba sai 2022. To dan Allah wane daɗi yaro zai ji a wurin da mai gida ma ya ƙosa da ganin baƙo?

Da hutu ya sake zagayowa nace wa Abban yara ni fa wannan karon ba zan ƙara tsayawa a layi da yara ba, mu nemi inda zasu saki hannuna su ruga da gudu. Bayan dogon bincike muka tsayar da Oman. Duk wanda muka faɗa wa sai ya ɗan yi shiru yace to me ake yi a can? Ga ta nan maƙwabciyar Dubai ɗin ce, iyaka ɗaya suke, amma yanayin rayuwar kamar ba yanki ɗaya ba. Ƙarshen watan Disamba muka je lokacin da zafi ya sauka, muka yi kwana 9, muka ɗauki hayar mota daga filin jirgi Abbansu ke tuƙawa.

Maskat, babban birnin ƙasar, ba zan daɗe akanta ba, kwana biyu muka yi. Gari ne na fararen gidaje marasa tsawo a tsakanin baƙaƙen duwatsu da teku, mun yi sallah a babban masallacin Sultan Qabus da aka buɗe a 2001, mun zaga kasuwar Matrah da ke ta ƙamshin lubban. Inda tafiyar ta fara zama tafiya shine Nizwa, tuƙin kamar awa biyu ne daga Maskat zuwa cikin ƙasa. Da gangan muka isa ranar Alhamis da yamma saboda kasuwar dabbobi ta safiyar Juma'a. Bayan asuba muka taso yaran suna ta mita, amma muna isa barci ya washe. Yadda suke yi shine masu saye su zauna a da'ira, wasu a tsakiya wasu a gefe, masu sayarwa kuma su riƙa zagayawa da dabbobinsu ta tsakanin mutane suna faɗin farashi, wani na jan akuya da igiya wani ya rungumo ɗan akuya a ƙirji kamar jariri, in dabba ta yi wa mutum sai ya tsayar da mai ita ya buɗe bakinta ya duba haƙora ya shafa bayanta. Awakin wurin masu dogon gashi ne har yana neman taɓa ƙasa. Wani dattijo mai farar jallabiya da ya ga auta ya ƙura wa ɗan akuyarsa ido yana ta miƙa hannu yana janyewa, sai kawai ya tsuguna ya ɗora masa ɗan akuyar a hannu. Yaron nan ya sandare, ko numfashin kirki baya yi, can ya juyo a hankali yace Mama zuciyarsa tana bugawa, ina jinta a hannuna. Malam Edita na rantse maka a kwana shidan da muka yi a wancan gari ban ga wannan fuskar a wurin ɗana ba ko sau ɗaya.

Daga kasuwar ƙafa kaɗan ne zuwa ganuwar Nizwa, wadda Imam Sultan bin Saif na gidan Ya'aruba ya gina a ƙarni na 17, shine kuma wanda ya kori Turawan Fotugal daga Maskat a 1650. Ƙatuwar hasumiya ce zagayayya, hanyar hawa siririya mai lanƙwasa da ƙofofi bi da bi, a saman kowace ƙofa akwai rami, mai yi mana bayani yace ta nan ake kwararo wa abokan gaba tafasasshen ruwan dabino in sun kutso. Babban ɗana da baya son darasin tarihi ko kaɗan, ranar shi ya hana mutumin sakat da tambaya, to in sun wuce ƙofar farko fa? to su na sama ina suke samun ruwan sha in an kewaye su? Mutumin ya kai shi har bakin rijiyar da ke ciki ya nuna masa. Kuma abin da ya bada damar hakan shine ba wani garke a bayanmu da ke jira mu matsa, mutumin yana da lokacinmu muma muna da nasa. Wannan shine abin da nake so iyaye su gane, yaro baya koyon komai a guje, sai an bar shi ya tsaya ya taɓa ya yi tambayar da mu manya muke ganin ta shirme ce.

Wani abu da ni kaina ya burgeni shine falaj, wato magudanan ruwa da mutanen Oman suka haƙa tun ɗaruruwan shekaru, suna jawo ruwa daga ƙarƙashin duwatsu zuwa gonakin dabino ba inji ba famfo, gangara ce kawai ke tafiyar da shi. A 2006 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka guda biyar daga cikinsu a jerin kayan tarihin duniya, har da Falaj Daris na nan Nizwa. Ruwan da lokaci ake rabonsa, kowace gona da nata lokacin, a da da rana inuwar sanda suke dubawa da dare kuma taurari. A ƙauyen Misfat al Abriyin da ke maƙale a jikin dutse kusa da Al Hamra muka bi irin wannan magudana a ƙafa, ta ratsa ƙarƙashin gidajen laka da duwatsu ta shiga cikin dabinai da ayaba. Ta tsakiya ta jefa ganye a ruwan suka bi shi su uku suna ihu har inda wani manomi ya toshe hanya da dutse da tsumma ya karkatar da ruwan zuwa gonarsa. Ganye ɗaya fa, ya cinye musu kusan awa guda, ba tikiti ba batir. Mutumin ya zaunar damu a inuwa ya kawo dabino da gahawa mai ƙamshi a 'yan ƙananan kofuna, Larabcinmu na makarantar Islamiyya nasa Turancin kaɗan, amma hira ta yiwu. Na so in bashi wani abu Abbansu ya ƙifta min ido, kuma gaskiyarsa, da na miƙa kuɗi da na ɓata abin.

Ba zan ɓoye maka wahalar ba don kar wani ya karanta ya ɗauka komai sumul ne. Mun shirya hawa Jabal Akhdar, dutsen da ake noman rumman da furen wardi, tun a wurin hayar mota muka faɗa wa yaron da ke kan teburi inda zamu yace ba matsala motar zata je ko'ina. Muka yi tuƙi har gindin dutsen sai ga shingen 'yan sanda, suka duba motar cikin mutunci suka ce ba a barin kowace mota ta hau sai mai jan ƙafa huɗu, saboda gangaren yana da tsanani birki na iya ƙonewa wajen saukowa. Dokar daidai ce don kare rai aka yi ta, wanda ya bamu motar ne bai faɗa mana gaskiya ba. Haka muka juyo, ta tsakiya tana kuka don ita aka yi wa alkawarin ganin gajimare a ƙasan ƙafarta. Kuma tuƙi tsakanin garuruwa yana da tsawo, akwai inda zaku yi tafiya mai nisa ba kanti ba banɗaki, motocin haya ba su da yawa in ka bar babban birni, shaguna da dama suna rufewa da rana tsaka sai la'asar. Daren da auta ya yi zazzaɓi a wani ƙaramin masauki na gode Allah da na taho da maganinsa da ma'aunin zafin jiki a jaka, don da sai mun fita neman kemis cikin dare a garin da bamu sani ba. Duk uwar da zata yi irin wannan tafiya ta haɗa jakar magani kafin ta haɗa ta kaya, ta cika mota da ruwan sha, ta kuma san inda asibiti mafi kusa yake a duk inda zasu kwana.

Sai maganar kwari, wanda suke kira wadi. Mun je Wadi Bani Khalid, ruwa ne garai-garai kore shar a tsakiyar duwatsu da dabinai, kana saka ƙafa ƙananan kifaye su taru suna tsattsakurarta, yaran suka yi ta ƙyalƙyala dariya. Amma dan Allah a kula, duwatsun akwai santsi wani wurin kuma zurfi ne da shi ba zato, ban ɗauke ido daga kan auta ba ko na daƙiƙa. Abu mafi haɗari kuma shine ambaliya, ana iya yin ruwan sama a can saman duwatsu inda baka gani, kai kana cikin rana tsaka ruwa ya taho maka kamar bango. A watan Afrilun 2024 ambaliya ta yi ajalin mutane a Oman har da 'yan makaranta da ruwa ya tafi da motarsu, Allah ya jiƙansu. In mutanen gari suka ce yau ba a shiga kwari to ba a shiga, ko da kuwa daga wace duniya ka taso dominsa.

A Sur muka ga masu ƙera jiragen ruwa na katako irin waɗanda kakanninsu suka riƙa zuwa Indiya da Zanzibar da su, kuma har yanzu da hannu ake yawancin aikin. A nan babban ya ji wasu mutane suna magana da wani yare da ba Larabci ba ya tambaya, aka ce masa Suwahili ne, don akwai zamanin da sarkin Oman ya mayar da fadarsa Zanzibar a ƙarni na 19, dangantakar bata yanke ba har yau. Wani kafinta ya bashi guntun katako da ya faɗo daga jikin jirgin, yana nan akan teburin karatunsa, ba mai taɓa masa.

Amma daren Ras al Jinz shine wanda in na tuna har yanzu tsigar jikina ke tashi. Wuri ne da aka keɓe don kunkurun teku, a can gabashin ƙasar kusa da inda yankin Larabawa ya ƙare teku ta fara. Da dare ake shiga cikin ƙananan rukuni tare da ma'aikaci, ba a kunna tocila ba a haska fitilar kyamara ba a ɗaga murya. Tun farko ya faɗa mana lokacin zafi ne suka fi fitowa da yawa, yanzu sai dai in an dace. Muka yi tafiya cikin duhu akan yashi, auta a kafaɗar babansa, ba abin da kake ji sai ƙarar igiyar ruwa, taurari kuwa kamar ka miƙa hannu ka ɗebo. Can ya tsayar damu yace mu tsuguna. Wata ƙatuwar kunkuru ce, faɗinta ya kai ƙaramin teburi, ta haƙa rami ta shige ciki tana zuba ƙwai, ya haska 'yar jar fitila ta bayanta muka ga ƙwan suna faɗowa farare zagayayyu masu sheƙi, biyu biyu uku uku. Yace takan zuba kusan 100 a zama ɗaya. Da ta gama ta fara turo yashi da ƙafafun baya tana rufewa, sannan ta riƙa watsa yashi da na gaba don ɓatar da sawu, har ya fantsamo mana a fuska, tana yi tana tsayawa tana wani irin nishi mai nauyi irin na wanda ya gaji liƙis. Ni da na haifi uku na san wannan nishin, ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Ma'aikacin ya yi wa yaran bayani cikin raɗa cewa bayan kamar wata biyu 'ya'yan zasu fasa ƙwai su fito su nufi teku, hasken da ke kan ruwa suke bi shi yasa fitilar mutane ke ɓatar dasu su nufi tudu su mutu, kuma zafin yashi ne ke sa su zama mata ko maza, in ya yi zafi sosai mata sun fi yawa. Yace kaɗan ne ƙwarai suke rayuwa su girma, kuma macen da ta rayu bayan shekaru masu yawa yankin da aka ƙyanƙyasheta take dawowa ta yi nata ƙwan. Ta tsakiya ta matso kunnena tace Mama to ita uwar bata jira ta ga 'ya'yanta? Nace a'a, teku take komawa. Ta yi shiru har muka koma mota bata ƙara cewa komai ba, hannuna kawai ta riƙe.

Bamu da hoto ko ɗaya na wannan daren, kuma shine abin da yaran suka fi bada labari.

Ina da tsoro ɗaya game da rubuta wannan wasiƙa, kar in zama sanadin da za a yi wa irin waɗannan wurare abin da aka yi wa Maya Bay. A Misfat akwai alluna da mutanen ƙauyen suka kafa suna roƙon baƙi su sa suturar mutunci, kar su ɗauki hoton mutane ba izini, kar su tsinki 'ya'yan itacen gonaki, don wurin gidajen mutane ne da gonakinsu ba wurin wasa ba. Duk da haka da idona na ga wata baƙuwa ta cusa waya a fuskar wata tsohuwa da ke wanki. Wanda zai je ya koya wa yaransa sallama da neman izini, ya kwashe shararsa ya tafi da ita, ya kwana a ƙananan masaukan 'yan gari ya sayi abu a hannunsu don kuɗin ya tsaya a wurin. Kuma ba dole sai Oman ba, ni ita na sani shi yasa na kawo ta. Ko'ina mutum yake a duniya akwai wani ƙauye ko tafki ko tsohuwar ganuwa ko wurin masu sana'ar hannu da bai fi tafiyar yini ba daga ƙofar gidansa, wanda bai taɓa kai yaransa ba saboda ba a yayinsa a Instagram.

Roƙona gareka Malam Edita shine ku buɗe wani ɗan shafi ko sau ɗaya a wata, iyaye su riƙa aiko da labarin irin waɗannan wurare da suka kai yaransu, da bayanin da uwa take buƙata da gaske, tsawon tuƙi, inda za a kwana, ko akwai asibiti kusa, wane wata ya fi dacewa, wace irin mota ake buƙata, me ya basu wahala. Da na samu irin wannan bayani kafin mu tashi da ba a juyo damu daga gindin Jabal Akhdar ba. Ni na yi alkawarin aiko da nawa dalla-dalla in kun buɗe, har da taswirar hanyar da babban ɗana ya zana da hannunsa a mota, ya saka akuya a Nizwa, jirgi a Sur, kunkuru a can ƙarshen takardar.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Maman yara uku